Bazarar da Na Jira Hoton Faɗuwata

Bana Sallar Layya ta sake faɗowa tsakiyar bazara. Ina zaune a gidan 'yata a unguwar Koira Kano, nan Yamai, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, zufa na bin gadon bayana. Raguna sai kuka suke a maƙwabta, ganye ko motsi ba ya yi. Duk sa'ad da zafi ya kai haka, ƙashin cinyata ta dama yakan fara tsukuna, ni kuma sai hankalina ya koma wata bazara ta farkon samun mulkin kai, wadda na ƙare ta ina fargabar wani hoto da ban taɓa gani ba.

A lokacin ni saurayin magidanci ne. Daga Dogonduci na zo Yamai, na koyi ɗinki, na samu rumfa a Babbar Kasuwa. Ina da mata, Dije, da 'yarmu ta fari a goye. Muna haya a wani gida mai ɗakuna jere, mu da iyalin Malam Bulus, wani Kirista mutumin Maraɗi da ke aikin jinya a asibiti, da matarsa Saratu. Sana'ata ɗinki, amma abin da ya fi shiga raina tseren keke ne. Yamai ba ta yi girma ba a lokacin, gudoro, wato kwalta, ma kaɗan ne, kana fita gari sai jar ƙasa da rairayi. Ran Lahadi mukan taru mu samari, kowa da kekensa da ya sha gyara, mu yi ta gudu har cinya ta ɗauki wuta.

A nan na san Hamani. Bazabarme ne, ɗan Tondibiya, gidansu ana noma ana kuma kamun kifi a kogi. Hausarsa a karkace take, Zabarmancina ya fi ta karkacewa, amma a kan keke ba ma bukatar magana. Yau in riga shi, gobe ya riga ni. In mun gama mu sauka bakin kogi mu wanke ƙafa, mu sha fura a ƙwarya ɗaya.

A farkon zafin shekarar aka shirya babban tsere, daga cikin gari a nufi hanyar Tondibiya a dawo. Ƙasa sabuwa, kowa na ɗoki, har da jandarma masu tare hanya. Abin da nake tunawa na ranar ba shi da yawa. Na tuna kunun da Dije ta dama mini, na kasa shanyewa. Na tuna busar usur. Na tuna iska mai zafi tana shiga bakina, mutane jere gefen hanya suna ihu, ina gaba, ina jin numfashin Hamani a bayana. Daga nan babu komai. Ba duhu ba, ba zafi ba. Babu.

Na farka da warin magani a hanci. Kaina a naɗe, bakina ya kumbura, haƙorana na gaba sun tafi, ƙafar dama tun daga ƙugu har idon sawu tana cikin farin simintin nan da ake ɗaure karaya da shi. Fuskar Malam Bulus na fara ganewa.

"Sannu, Malam Idi," ya ce. "Ka san ni?"

Na ce, "Wa ya ci tseren?"

Ya yi dariya har da goge ido. Ya ce kwanakin da na yi ban san inda nake ba, Dije ba ta bar bakin ƙofar ɗakin ba.

Da na fara jin sauƙi, sai na shiga tambayar yadda aka yi na faɗi. Nan damuwata ta soma. Duk wanda ya zo gaishe ni da nasa labarin. Wani ya ce akuya ce ta gitta. Wani ya ce babu wata akuya, inda gudoro ya ƙare ne tayar gaba ta nutse cikin rairayi. Yayana Sani, direban kamiyo, babbar motar kaya, wanda shi ya kawo ni Yamai, bai ga abin da idonsa ba, amma nasa labarin ya fi na kowa ƙarfi.

"Wannan abokin naka ne ya buge ka ta baya," ya ce. "A tasha kowa ya sani. Ya ga za ka riga shi, ya sa maka taya."

Na ce, "Yaya, Hamani ba zai yi haka ba."

"Kai ka gani?"

Ban gani ba. Shi ne abin. Jikina ne ya daki ƙasa, jinina ne ya zuba, amma duk garin ni ne wanda ya fi kowa rashin sanin abin da ya faru.

Ranar da Hamani ya zo, na tambaye shi kai tsaye. Ya zauna a ƙasa kusa da gadon, ya daɗe yana murza hularsa.

"Idi, wallahi ban sani ba," ya ce. "Ina bayanka, kusa ƙwarai. Na ji wani abu ya taɓa kekena. Ko ni na taɓa ka ka faɗi, ko faɗuwa kake ka taɓa ni, ban sani ba. Kullum sai na sake dubawa cikin kaina, ba na gani."

Da ya rantse mini cewa ba shi ba ne, da na huta. Da ya ce shi ne, da na san abin da zan yafe. Sai ya bar ni a tsakani.

Ana gab da sallamata Malam Bulus ya shigo da wani mutum siriri mai tabarau, ya ce Mushe Saini ke nan, ma'aikacin gwamnati ne da ake koya wa ɗaukar hoton silima. Ya ce ranar tseren yana tsaye daidai kwanar da na faɗi, na'urarsa tana aiki.

"Ke nan ka ɗauka?" na ce.

"Ina jin na ɗauka," ya ce. "Amma ba zan iya cewa ga abin da ke ciki ba. Ba a wanke irin wannan fim a nan. Sai an kai shi Faransa, a wanke, a dawo da shi. In ya zo zan sanar da kai."

"Yaushe?"

Ya buɗe hannuwa. "Wataƙila kafin ruwa. Wataƙila bayan ruwa."

Yaran yanzu abu na faruwa sun ɗauka a waya, kafin mutum ya tashi daga ƙasa ya ga faɗuwarsa, dangi a wata ƙasa ma sun gani. Mu kuwa sai da faɗuwata ta ƙetare teku ta dawo, ni ina kwance ina jiranta.

Aka maido ni gida zafi ya kankama. Wanda bai yi bazarar Yamai da ƙafa cikin siminti ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ɗakinmu rufin kwano ne, da hantsi ya yi sai ya zama tanda. Dije da Malam Bulus sukan ciccibo ni su shimfiɗa a ƙarƙashin rumfar zana a tsakar gida, in wuni ina bin inuwa da ja da gindi. Zufa ta riƙa gangarawa cikin simintin, ƙaiƙayi ya tashi a inda hannu ba ya kaiwa. Na sami wani tsinken tayar keke ina zurawa ina sosawa, har Malam Bulus ya kama ni ya ƙwace, ya ce in na yi wa kaina rauni a ciki ƙafar ce za a yanke. Ƙudaje, ƙurajen zafi, da kukan yarinya wadda ita ma zafin ya hana ta sakat.

Duk nauyin gidan ya koma kan Dije. Da asuba ta ɗauki tulu ta bi layin famfo, don in rana ta ɗaga ruwan sai ya koma ɗigo. Ta dawo ta yi surfe, ta wanke ni, ta dama kunu. Hatsi ya yi tsada a shekarar, damunar baya ba ta yi kyau ba, 'yan ƙauye ma shigowa gari suke neman abin kai wa baki. Tuwon dare ya zama na wuni biyu. Daga baya tuwon ya koma kunu, kunun ya riƙa tsinkewa. Wata rana sai kwaɗon zogale da ɗan ƙuli. Dije takan ce ta ci a wurin Saratu, ni kuma na san ba ta ci ba, don nonon ya ragu, yarinya na tsotsa tana saki tana kuka. Lokacin mangwaro ne, shi ya rufa mana asiri. Saratu takan turo mana kwano a rufe, ta ce wai ta yi kuskuren yawaita gishiri, a taya ta.

Hamani kuwa bai yanke ƙafa ba. Duk mako sai ya taka keke daga Tondibiya cikin wannan rana, da kifi a saƙale, wani lokaci da ɗan hatsi a ƙullin zane. Kogi ya ja baya ƙwarai, kifi ya taru a gurabe, shi ne abin da suke da shi. Dije ta yi mana miya, ƙamshi ya cika gida. Sai in kai loma baki, maganar Yaya Sani ta faɗo mini: don Allah yake kawowa, ko don abin da ya sani? In tauna kifin in kasa haɗiyewa. In dube shi yana wasa da yarinya, in ji kunyar tunanina. Ya tafi kuma tunanin ya dawo.

Ga Sallar Layya ta matso, lokacin da tela ke samun abin da zai ci har damina. Masu kaya suka fara aiko tambaya. Keken ɗinkina na taka-da-ƙafa ne, ƙafar kuwa ga ta nan kamar gungume. Dije ce ta ce a ɗauko keken daga kasuwa a kawo gida.

"Maigida, kai ka riƙe yadin," ta ce. "Ni in taka."

"Kin taɓa takawa?"

"Daka ma ba da shi aka haife ni ba."

Aka ɗora ni a kujera, ƙafar a miƙe bisa turmi, ita ta zauna a gefe ta zura ƙafarta ƙarƙashin keken. Ranar farko mun karya allura, mun ɓata wuyan rigar wani mutum. In ce ta tsaya ta ci gaba, in ce ta taka ta tsaya. Muka yi faɗa, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito ta sake zama. Kafin mako ya zagayo ta gane numfashina, ina jan iska ta san kwana ce za a sha, ta sassauta. Saratu ta karɓi sa maɓalli da kalmasa. Malam Bulus in ya taso aiki ya hura gawayi ya yi mana guga, yana waƙoƙinsu na coci a hankali. Haka muka fitar da kayan Sallar mutane, zufarmu na ɗiga a kan yadi muna gogewa. Ba mu yi layya ba a shekarar. Naman maƙwabta muka ci.

Bayan Salla aka fasa simintin. Da na ga ƙafar sai da na kau da kai. Ta rame ta zama kamar ta yaro, fata na saɓulewa, ta kuma ɗan fi ɗayar gajarta. Na fara koyon tafiya da sanda, daga rumfa zuwa randa, daga randa zuwa ƙofar gida.

Jiki na warkewa, zuciya na ƙara tsinkewa. In na ji ƙararrawar keke a waje sai gabana ya faɗi. Ina zaune lafiya, sai in ji kamar ƙasa ta zame a ƙarƙashina, in damƙe kujera. Kullum tunanina na zuwa bakin kwanar nan ya tsaya, kamar jakin da ya ƙi tsallake rami. Duk jirgin da ya wuce a sama sai in ce ko shi ne ya ɗauko fim ɗin. Wata rana in yi addu'a ya iso. Wata rana in yi addu'a ya ɓace a hanya.

Ruwa kuma ya ƙi zuwa. Hadari ya haɗu daga gabas baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su kwashe shanya, a jera tukwane a bakin indararo, sai ya watse ya bar mu da gumi. An fita roƙon ruwa, su Malam Bulus ma sun yi nasu a coci. Hamani ya ce a Tondibiya an gyara gonaki tuni, iri na nan a ajiye, tsofaffi na gadinsa don kada yunwa ta sa a daka shi.

Cikin wannan hali, wata ranar Alhamis, Mushe Saini ya yi sallama a ƙofar gida.

"Ya iso," ya ce.

Na ce, "Ka kalla?"

"Na kalla."

"Me ke ciki?"

Ya cire tabarau ya goge. "Faɗuwarka na ciki, daga farko har ƙarshe. Ba mai daɗin gani ba ce, Malam Idi. Manya sun ce ba za a nuna wannan wurin ga jama'a ba, za a yanke shi. Kafin a yanke, in kana so, ran Lahadi da la'asar zan kawo na'ura wani aji a lakwal, makarantar unguwarku. In ba ka so, babu wanda zai ga laifinka."

"Hamani ya taɓa ni?"

"Wannan ba zan faɗa maka ba. Abin da zan ce na gani, wani zai ce ba haka ya gani ba. Kuma in na faɗa, maganata za ka riƙe har ka mutu, ba idonka ba."

Tsakanin Alhamis ɗin nan da Lahadi ban san ɗanɗanon abinci ba. Dije ta ce kada in je.

"Ni na ga lokacin da aka sauke ka daga mota," ta ce. "Har yau in na rufe ido ina gani. Allah ya ɗauke maka wannan, ya bar ka ba ka tuna komai, kai kuma za ka je ka nemo shi da kanka? Me zai ƙara maka? Ƙafar za ta miƙe?"

Yaya Sani ya zo da zafinsa. "Za ka je, ni ma zan je. In shi ne, kowa ya gani. Ya daina shigo mana gida da kifinsa."

Na tambayi Malam Bulus yana wanke hannu a bakin randa.

"Na ga masu ciwo iri biyu," ya ce. "Akwai wanda in ana wanke masa rauni sai ya duba, in bai duba ba tsoro ya kashe shi. Akwai wanda in ya duba sai ya suma. Ban san ko wanne ne kai ba, Malam Idi. Amma na ga yadda kake damƙe kujera."

Abin da na fi tsoro ba jinin ba ne. Ina tsoron in ga tayar Hamani ta nufo tawa da gangan, in rasa aboki, in kuma san cewa duk bazarar nan da abin hannun wanda ya karya ni na rayu. Ina kuma tsoron in ga babu ruwansa, in san irin zargin da na yi ta haɗiya tare da abincinsa. Ta ko'ina akwai abin da zai same ni. Ran Asabar da safe na ce ba zan je ba. Da azahar na ce zan je. Da la'asar na sake fasawa.

Ana nan Hamani ya iso. Labari ya kai masa. Bai kawo komai ba ranar, ya jingine keke ya tsaya a rana, bai ko shigo inuwa ba.

"Idi, zan roƙe ka abu," ya ce. "Ka je. In ba ka je ba Mushe ba zai nuna mini ba, ya ce faɗuwarka ce, ba tawa ba. Tun ranar nan ban yi barci ya kai safe ba. Mahaifiyata ta ce na zama kamar mai jinya. In ni ne, ina so in sani, in nemi gafararka da sanin abin da nake nema. Haka nan ba zan iya ba."

Na dube shi da kyau, abin da na daɗe ban yi ba. Ya rame fiye da ni. Duk watannin nan ina ganin ni kaɗai ke tsaye a bakin kwanar, ashe mu biyu ne.

Na ce, "Gobe ka zo ka raka ni. Tafiyata a hankali take."

Ran Lahadi gari ya tashi da wani irin gumi mai nauyi. Dije ta wanke mini riga, ta miƙo sanda. Muka tafi ni da Hamani da Malam Bulus, Yaya Sani ya same mu a can. Sau biyu ina tsayawa a hanya, ba don ƙafar ba. Mushe Saini ya toshe tagogin ajin da barguna, ya rataya farin zane a jikin allo. Cikin ɗakin kamar an rufe mu a tukunya. Na zauna a bencin yara.

"In kashe fitila?" ya ce.

Na kusa cewa a'a. Na ce, "Kashe."

Na'ura ta fara ƙara. Hoton babu murya, fari da baƙi. Ga hanya, ga mutane suna ɗaga hannu, bakinsu a buɗe. Can sai ga masu keke sun ɓullo, ƙanana, suna girma. Na gaba sanye da rigar da na ɗinka da hannuna. Ban taɓa ganin kaina ina motsi ba. Wani yaro ne mai ƙarfi, ya duƙa a kan keke, haƙoransa duka a bakinsa, ƙafafunsa na juyawa daidai wa daida. Bai san komai ba. Na ji kamar in tashi in yi masa ihu ya sassauta.

Abin bai ɗauki lokacin ƙifta ido biyu ba. Keken ya karkace, na tashi sama, na sauko da kai da ƙugu a kan duwatsun gefen hanya, na mirgina, na tsaya. Ƙafar ta kwanta ta inda ƙafa ba ta kwanciya. Malam Bulus ya dafa kafaɗata. Wanda ke cikin hoton bai motsa ba. Da a hanya na tarar da shi, da na ce gawa ce.

Sauran masu tsere suka riƙa wucewa ta gefe. Ɗaya ne ya jefar da kekensa tun bai tsaya ba, ya rugo, ya tuɓe riga ya tallabi kaina ya danne inda jini ke fita. Hamani ne, yana ɗaga kai yana kiran mutane. Sai hoton ya yi fari.

"A maido," in ji Yaya Sani. "Ban ga tayar ba."

Mushe Saini ya maido, ya sassauta gudun na'urar iyakar yadda za ta iya. Ga ƙarshen gudoro, ga rairayi. Ga tayata ta gaba ta shiga. Ga tayar Hamani daf da tawa ta baya. Sun haɗu, babu shakka sun haɗu. Amma ƙura ta tashi daidai wurin, hoton kuma na rawa.

"Ka gani!" in ji Yaya. "Ya taɓa shi!"

"Ya riga ya karkace kafin nan," in ji Malam Bulus.

"Na taɓa ka," in ji Hamani. "Idi, ga shi nan, na taɓa ka."

Aka sake maidowa. Na zura ido har hawaye suka zubo. Abin da na yi watanni ina jira daga Faransa ke nan, kuma bai san abin da ya fi wanda muka sani ba. Yaya ya ce a sake.

Na ce, "Ya isa, Mushe. Kunna fitila."

"Ba ka ga..." Yaya ya fara.

"Yaya, na gani. Wanda ya riga wani, taya ko rairayi, Allah kaɗai ya sani. Amma na ga mutum nawa suka wuce ni, na ga wanda ya tsaya."

Yaya Sani ya miƙe. Ya ɗauki hularsa, ya kai bakin ƙofa, ya juyo ya dubi Hamani. Bai ba shi hannu ba, amma ya ce, "Sannu da ƙoƙari." A wurin Yaya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hamani na zaune ya rufe fuska. Na ce masa in ma ya taɓa ni na yafe, shi ma ya yafe mini, ban faɗa masa me zai yafe ba, bai kuma tambaya ba. Ba zan ce na fito daga ajin nan da sauƙi ba, hoton ƙafar nan ya bi ni shekaru. Amma ramin da ke cikin kaina ya samu abin da ya cika shi, ko da mummuna ne, ƙasa kuma ta daina zamewa a ƙarƙashina.

Da Mushe Saini ya yaye bargon taga, sai muka ga waje ya yi duhu kamar magariba. Iska mai sanyi ta shigo, da ƙamshin ƙasa. Kafin mu kai gida ruwa ya sauko, irin mai dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai. Ban iya gudu ba, su ma ba su gudu ba. Muka shiga gida sharkaf, muka tarar da Dije da Saratu suna tarar ruwa a duk abin da ke da baki. Dije ta dubi fuskata, ta dubi Hamani a gefena, ba ta tambayi komai ba. Ta ce mu shiga daga ciki kada sanyi ya kama ƙafar.

Hamani bai zauna ba. Ya ce dole ya koma, gobe da sassafe shuka, kuma hannu bai ishe su ba, ƙannensa sun tafi neman abinci kudu.

Na ce, "Zan zo."

Ya dubi sandata. "Da wannan ƙafar?"

"Sara ne ba zan iya ba. Zuba iri ai ba ya son gudu."

Washegari Yaya Sani da kansa ya ɗauke ni a kamiyo ya sauke ni a Tondibiya. Muka bi ta kwanar, na dube ta, wuri ne kawai, ruwa ya kwanta a gefensa. Gonar su Hamani tana kan tudu, ana hango kogi. Ƙasa ta jiƙu ta yi laushi, ko'ina mutane ne a duƙe, mata da tsofaffi, kowa na sauri kafin rana ta shanye laimar. Mahaifiyarsa ta ba ni ƙoƙon iri ta yi mini addu'a da Zabarmanci.

Hamani ya shiga gaba da sungumi yana sara rami, taki ɗaya rami ɗaya. Na bi shi, sanda a hannun hagu, ƙoƙo a rataye a wuya. In zuba ƙwayoyin hatsi, in ja ƙasa da diddigen ƙafar dama in danne. Ramin farko sai da na cije leɓe. Na biyu ma haka. Ƙasar na da sanyi, tana shiga tsakanin yatsuna. Ya yi nisa ya waiwayo, ya ga na tsaya ina haki.

"In jira ka?" ya ce.

Na ce, "Yi gaba. Ina bayanka."